Gonata tana hannun manomi muna noma-mu-raba, ina son mu koma noman oganik amma yana ja da baya

Tambayar da aka turo ita ce: wani bawan Allah yana da gona amma ba shi yake noma ta ba, ya ba wani manomi suna noma-mu-raba, in an girbe kowa ya ɗauki rabi, kuɗin takin zamani da maganin feshi kuma shi mai gonar ke biya. Yanzu yana son a daina takin zamani da feshi kwata-kwata a koma noman oganik, wato takin dabbobi da na tsirrai kawai, amma manomin sai nuƙu-nuƙu yake, kullum da uzurin da zai kawo. Shine yake tambaya ko taurin kai ne, kuma ta ina zai ɓullo wa lamarin.

Toh Malam, gaskiya manominka lissafi ya yi, kuma lissafinsa daidai ne. A yadda yarjejeniyarku take yanzu, wahalar sauyin nan kusan duk a kansa za ta sauka a shekarun farko, amfaninta kuma sai daga baya zai fito, kuma a cikin ƙasar gonar zai zauna, ƙasar nan kuwa taka ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi kenan. In ba ku gyara yarjejeniyar ba tukuna, duk takin da za ka tara ba zai kai ku ko'ina ba.

Bari mu ɗauki misali da buhu don abin ya fito fili, lambobin nan na misali ne kawai, ka sa naka. A ce gonar tana ba da buhu 40, kai 20 shi 20. Kun daina takin zamani, amfani ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu, ya koma buhu 30, kowa 15. A ido kamar asara ɗaya kuka yi, kowa ya rasa buhu 5, amma ba haka ba ne, domin kai kuɗin taki da na feshi da kake fitarwa duk shekara ya zauna a aljihunka, wataƙila ma ya rufe maka buhu biyar ɗin nan ko ya kusa, shi kuwa bayan buhu 5 da ya rasa an ƙara masa aiki, ciyawar da a da feshi ɗaya ke kwantar da ita yanzu sai ya bi ta da fartanya sau biyu ko uku, ko ya ɗauki 'yan ƙwadago daga aljihunsa, ga ɗaukar taki, ga watsa shi, ga juya tulin da ake ruɓarwa. Kafin ya koma kan buhu 20 ɗinsa na da, sai an ba shi kashi biyu cikin uku na buhu talatin ɗin, kuma wannan fa ba a ma sa ladan ƙarin aikin ba. Ka ga ko kai ne ai za ka ja da baya.

Raguwar amfanin nan kuma ba tsoratarwa ba ce. An yi manyan bincike da aka tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa daga ƙasashe daban-daban. Wanda Seufert da abokan aikinta suka fitar a 2012 ya nuna a jimlace noman oganik yana ƙasa da na zamani da kusan kashi 25 cikin 100, amma tazarar tana tashi daga kashi 5 har zuwa 34 gwargwadon irin amfanin gona da yanayin wurin, kayan lambu da hatsi sun fi jin jiki, dangin wake da itatuwan 'ya'ya ba su cika raguwa sosai ba. Wani na Ponisio a 2015 ya sami kusan kashi 19, kuma ya nuna in ana sauya shuka da haɗa amfani iri-iri a gona ɗaya yadda ya kamata, tazarar tana iya saukowa zuwa kashi 8 ko 9. Abin lura anan shine duk wannan ya danganta da inda kuka taso. Gonar da aka saba mata da takin zamani mai yawa shekara da shekaru, ranar da aka yanke mata shi za ta nuna, ganyen masara zai yi ɗorawa tun daga ƙasa, kara ya yi siriri. Gonar da dama ɗan tsirarun taki ake sa mata, tana iya ƙin raguwa, har ma ta ƙaru in ta samu takin gida isasshe. Don haka ka fara duba buhu nawa na taki kuke zubawa a hekta, shi zai faɗa maka girman ramin da za ku faɗa.

Sannan akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba sai sun shiga, wato lokacin jira. In burinka ka sayar da kaya da sunan oganik mai takardar shaida, ba ranar da ka daina feshi ake fara kiran kayanka oganik ba. A dokar Amurka sai ƙasa ta yi wata 36 ba a sa mata abin da aka haramta ba kafin girbin da za a sayar da wannan suna. A Tarayyar Turai shekara 2 ne kafin shuka ga amfanin da ake shukawa duk shekara, shekara 3 kafin girbi ga itatuwa. A tsawon wannan lokaci kuna noma da wahalar oganik amma galibi kuna sayarwa a farashin kowa da kowa. Yanzu ka dubi yarjejeniyarku, na tabbata ta shekara-shekara ce, kuma da baki. Wato kana ce wa mutum ya sha wuya shekara uku saboda ribar da za ta zo a ta huɗu, alhali ba abin da ya tabbatar masa cewa a shekara ta huɗun shi ne zai kasance a gonar. Kai kana iya cewa ai ni ba zan kore shi ba, na yarda da kai, amma ka iya sayar da gonar, ka iya rasuwa magada su raba, ɗanka ka iya tasowa ya ce shi zai noma, ko wani ya zo ya ce zai karɓe ta haya da tsada tunda yanzu ƙasar ta gyaru. Duk waɗannan yana ganinsu ko bai faɗa maka ba.

Nan ne taki na gargajiya ya bambanta da na zamani a idon wanda ƙasa ba tasa ba. Yuriya in ka zuba, abin da shuka za ta ci a daminar nan za ta ci shi, a girbin bana za ka ga kuɗinka. Kashin shanu ko takin da aka ruɓar a hankali yake sakin abincinsa, wani kaso ne kawai ke fita a shekarar farko, sauran yana bi a shekara ta biyu da ta uku, ga gyaran da yake wa jikin ƙasa, ta riƙa riƙe ruwa, ta yi laushi, tsutsar ƙasa wato tana ta dawo cikinta, wannan kuwa sai an jima. An ma auna abin. Masu bincike biyu, Jacoby da Mansuri, sun fitar da nazari a 2008 kan karkarar Pakistan, suka kwatanta gonakin mutum ɗaya, wadda ya mallaka da wadda ya karɓa a hannun wani, suka ga takin dabbobin da yake kaiwa gonar da ba tasa ba bai kai wanda yake kaiwa tasa ba. Mutum ɗaya ne fa, ilimi ɗaya, hannu ɗaya, abin da ya bambanta kawai shine wa zai ci moriyar takin baɗi. In manominka yana da ɗan filinsa na kansa, je ka duba inda kashin awakinsa ke tafiya, kuma kada ka ga laifinsa.

Bari in tsaya kan takin nan sosai don a nan yawancin masu sha'awar oganik ke yin tuntuɓe. Buhun yuriya mai kilo 50 kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne, abincin shukar nan da ke sa ganye kore, wato kilo 23 kenan. Busasshen kashin shanu na kan hanya, wanda ya sha rana da ruwan sama, naitirojin ɗinsa bai cika wuce kashi 1 cikin 100 ba, mai kyau wanda aka adana a inuwa ya kan fi haka. A kashi ɗaya, kafin ka samu kilo 23 sai ka kawo sama da tan 2, kuma tunda ba duka zai saki a bana ba, sai ka ninka. Buhu ɗaya da mutum zai ɗora a bayan keke ya koma tan huɗu ko biyar da sai an nemi amalanke ko mota, a loda, a sauke, a raba tsibi-tsibi a gona, a watsa, a rufe da ƙasa kafin rana ta cinye shi. Wa zai sayi takin, wa zai biya mota, wa zai watsa? A tsohon tsarinku kai ke da alhakin taki, shi ke da alhakin aiki, abin a rabe yake sarai. A sabon tsari takin kansa rabinsa aiki ne, iyakar nan ta goge, kuma in ba a zauna an sake shata ta ba kowa zai ɗauka na ɗaya ne zai yi. Ga kuma wata, takin zamani a wurare da yawa ana samunsa bashi a biya da kaka, amma mai mota da ɗan ƙwadago a take suke karɓar nasu, daidai lokacin da hannun manomi ya fi bushewa.

Kashin kaji ya fi ƙarfi nesa, amma in takardar shaida kuke nema ku tambayi mai ba da shaidar kafin ku saya, domin ƙa'idar Turai ba ta yarda da kashin da ya fito daga manyan gidajen kiwo irin na masana'anta ba, kuma ta ƙayyade kada takin dabbobi ya wuce kilo 170 na naitirojin a hekta a shekara. Dattin bola da ba a san abin da ke ciki ba, da batir da leda da komai, ku nisance shi ko ba don shaida ba. Ɗanyen kashi kuma yana zuwa da 'ya'yan ciyawa da ƙwayoyin cuta, shi ya sa dokar Amurka ta ce in ba a ruɓar da shi ba, sai an cuɗa shi da ƙasa kwana 120 kafin girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda baya taɓawa. Ruɓarwa ta gaskiya ita ce tulin ya ɗauki zafi ya haura digiri 55 a ma'aunin Celsius, in ka tura sanda ciki ka zaro za ka ji ta da zafi da ɗan danshi, in ta fito da sanyi a bushe to ba abin da ke faruwa a ciki, yana son ruwa da juyi. Kuma kada a binne busasshen kara ko buntu mai yawa gab da shuka, ƙananan halittun da ke ruɓar da shi za su janye naitirojin ɗin ƙasa su riƙe na ɗan lokaci, yabanya ta yi ja tana tsaye, sai manomi ya ce ai ga shi nan oganik ɗin ya kashe gona.

Maganar kara ta kawo mu wani wurin rigimar da ba a cika sa shi a yarjejeniya ba. Bayan girbi, kara da harawa na wa ne? A mafi yawan noma-mu-raba hatsi kawai ake rabawa, saura na manomi ne, ya ciyar da dabbobinsa ko ya sayar, kuma kuɗi ne mai kauri a wurinsa. Noman oganik kuwa yana son abin da ya fito daga gona ya koma mata, ko a bar shi ya rufe ƙasa ko dabba ta ci a dawo da kashin. In ka ce a bar kara a gona ka taɓa abincin dabbarsa, in ka bar shi ya kwashe kashin ya tafi wata gonar to taka tana zuba ne ba a mayarwa. Mafita mai sauƙi ita ce ya ci gaba da ɗaukar harawar amma a yi sharaɗin amalanke kaza na taki zai dawo, kai kuma ka ɗauki nauyin jigila.

Haka batun sauya shuka. Ba takin zamani, dole dangin wake su shigo zagaye, wake, gyaɗa, waken suya, domin ƙwayoyin da ke cikin ƙulullutan saiwarsu suna kamo naitirojin daga iska. Amma kar a ɗora musu abin da ba za su iya ba, in aka girbe ƙwayar aka kuma kwashe harawar, abin da ya rage wa ƙasa kaɗan ne, musamman waken suya da yawancin naitirojin ɗinsa ke tafiya cikin ƙwaya. Wanda ke gyara ƙasa sosai shine wanda aka shuka don a binne shi ɗanye, shi kuma ba ya ba da ko tiya ɗaya da za a raba, rabin babu ai babu ne. Kai kana iya jure shekarar da wani yanki na gona bai kawo komai ba saboda kana da wata hanyar samu, shi wataƙila abincin gidansa ne gaba ɗaya. In za a huta da wani yanki, sai dai ka biya shi aikin wannan yankin kamar ƙwadago. Kuma dangin waken nan ba su kawo fosforas, wani abincin shukar na daban, su ma nemansa suke, in ƙasarku ta rasa shi sai an nemo daga taki ko garin dutsen fosfat, wanda ƙa'idar oganik ta yarda da shi amma ya fi aiki a ƙasa mai tsami. Ku auna ƙasar tun farko, zai kuma yi muku amfani nan gaba, zan zo kan wannan.

Sai ƙwari, wanda shine gwajin amana na gaske. Ka ɗauka tsakiyar damina ce, manomi ya shiga gona da sassafe ya leƙa cikin kunnen masara ya ga tsutsa ta cika shi da kashinta kamar garin katako, ganye duk huda-huda, maƙwabcinsa ya yi feshi jiya tasa ta tsaya, kai kana can nesa. Rabin abin da tsutsar nan ke ci abincin 'ya'yansa ne. Me kake zato zai yi? Da yawa za su ari famfon feshi su yi da yamma ba wanda ya sani, kuma ni ba zan kira shi maci amana ba, mutum ne da aka bar shi da haɗari shi kaɗai. Matsalar ita ce feshi ɗaya na maganin da aka haramta yana iya mayar da lissafin shekarun jiran nan farko a wannan fili. Maganin abin shine tun kafin shuka a tanadi abin da aka yarda da shi a ajiye a hannunsa, irin su ruwan 'ya'yan darbejiya da maganin Bt da ake samu daga wata ƙwayar bakteriya, a koya masa cewa waɗannan sai tsutsa tana ƙarama suke ci, kuma da yamma ake fesawa don rana na kashe ƙarfinsu, don haka zagayen gona duk bayan 'yan kwanaki dole ne. Sannan a yi magana a fili: in abin ya fi ƙarfin waɗannan, wa ke da ikon yanke hukuncin a yi feshin zamani a ceci amfanin, in kuma kai ka ce a'a a bar shi, to asarar da ta biyo baya kai za ka cike masa. Wanda ya hana magani shi ya kamata ya ɗauki asara.

Akwai ƙananan abubuwa da ke ɓata shaida waɗanda ba a kawo su a rai: irin shuka da aka riga aka shafa wa magani, famfon feshin da ake amfani da shi a wata gona, feshin maƙwabci da iska ke kaɗowa wanda ya sa ake barin tazara a bakin iyaka kuma amfanin wannan tazarar ba a sayar da shi a matsayin oganik, tsofaffin buhunan taki da ake zuba hatsi, da maganin da ake sa wa hatsi a sito. Na ƙarshen nan yana da sauƙin magani, buhunan da ba sa shan iska irin PICS suna kashe ƙwari ba tare da an sa komai ba. In manomin yana noma irin amfanin nan a wata gonar ta hanyar zamani, sai an raba wurin sussuka da wurin ajiya, kuma komai a rubuce, ranar shuka, abin da aka zuba, daga ina, buhu nawa aka samu. Rubutun nan ma aiki ne, a san wanda zai yi.

Takardar shaidar kanta da sunan wa za ta fito? Wannan tambaya ce babba. In da sunanka ne kai kaɗai, kai ke da mai saye, kai ke da farashi mai tsoka, shi kuma in ya karɓi rabonsa a buhu ya kai kasuwa ba wanda zai ƙara masa ko sisi don ba shi da takarda. Kun raba buhu daidai amma ba ku raba kuɗi daidai ba. Gyaran shine duk abin da za a sayar a sayar da shi tare ƙarƙashin shaida ɗaya a raba kuɗin, kuma ya ga rasit da idonsa. Kuɗin dubawa da ake biya duk shekara yana da nauyi ga gona ɗaya ƙarama, shi ya sa ƙananan manoma ke shiga shaidar rukuni, ko tsarin da ake kira PGS inda manoma da masu saye na yanki ɗaya ke duba junansu, ƙungiyar noman oganik ta duniya IFOAM ta amince da shi, amma na kasuwar kusa ne, ba ya fitar da kaya waje.

A nan zan faɗi ra'ayina kai tsaye. In ba ka da mai saye a hannu, wanda ya faɗi abin da yake so da shaidar da yake karɓa da ƙarin da zai biya, kada ka bi takarda tukuna. Lissafin a bayyane yake, in amfani ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu, sai farashi ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku kafin kuɗin da ke shigowa ya koma yadda yake. In kuwa abin da ya dame ka lafiyar ƙasarka ce da ta masu cin abincin da ta wanda ke goya famfon feshi a bayansa, wannan niyya ce mai kyau ƙwarai kuma ba ta bukatar ka yanke komai rana ɗaya. Ka fara ƙara takin gida kana rage na zamani a hankali, haɗin biyun ma sau da yawa ya fi kowanne shi kaɗai a ƙasar da ta gaji. Abin da gaggawa ke jawowa an gan shi a Siri Lanka, a watan Afrilun 2021 gwamnati ta hana shigo da takin zamani a dare ɗaya, noman shinkafa ya faɗi ƙwarai har sai da suka koma sayowa daga waje, zuwa Nuwamban shekarar aka fara janye dokar. Ba takin da aka tanada, ba horo, umarni kawai daga sama. Mai gona da ya tashi ya ce wa manominsa daga bana ba taki ba feshi, abin nan ne yake yi a ƙaramin fili.

Toh yaya za a gyara yarjejeniyar? Farko wa'adi. A rubuta shi da shaidu, kuma ya wuce shekarun jira da aƙalla shekara biyu ko uku, don ya ci daga ribar da ya sha wa wuya. Na san abin da ke tsorata masu gona shine kada doguwar zama ta koma da'awar mallaka, tsoron yana da tushe domin dokar ƙasa ta bambanta daga wuri zuwa wuri, a jihar Bengal ta Yamma a Indiya misali, tun shirin da aka fara a 1978 manomin noma-mu-raba da aka yi wa rajista ya samu haƙƙin zama na dindindin har a gada, muddin yana ba mai gona kasonsa. Don haka ka tambayi lauya ko wanda ya san dokar filaye a inda kake, amma ka sani rubutu kai ma yana kare ka, don a ciki za a faɗi sarai cewa gona taka ce, shi amfani kawai yake yi zuwa shekara kaza.

Na biyu kaso. A shekarun sauyi a ɗaga nasa, kashi biyu cikin uku ko ma uku cikin huɗu, daga baya in amfani ya farfaɗo kuma farashi mai kyau ya samu a sauko a hankali. Kada ka ɗauka duk abin da aka ƙara masa daga naka aka yanka. An yi gwaji a Yuganda tare da ƙungiyar agaji ta BRAC, aka fitar da sakamakon a 2019, aka bar wasu manoma a kan rabi aka ɗaga wasu zuwa kashi 75 cikin 100, waɗanda aka ɗaga wa kaso amfaninsu ya fi na sauran da kusan kashi 60 cikin 100. Ba noman oganik aka gwada ba, amma darasin ya shafe ku sosai, domin oganik noma ne da ya dogara da hannu da idon manomi fiye da abin da ake sayowa, kuma ba yadda za ka yi ka tsare mutum ka ga ko ya juya taki da kyau. Kuɗin takin zamanin da ka daina kashewa kuma kar ya kwanta, ka mayar da shi sayen takin gida da jigila da 'yan ƙwadagon noman farko.

Na uku, wanda aka fi mantawa, diyya in an rabu kafin wa'adi. Wannan ba sabon tunani ba ne, a Ingila tun dokar 1883 aka wajabta wa mai ƙasa ya biya manomin da zai tashi diyyar gyaran da ya yi wanda amfaninsa bai ƙare ba, har da taki da farar ƙasa da ya sa. Ku ma ku yi naku, a riƙa rubuta amalanke nawa aka kai kowace shekara, a yarda cewa in ya bar gonar bayan shekara ɗaya za a biya shi kaso kaza na kuɗin, bayan biyu kaso kaza, bayan uku ko huɗu ya ƙare. Awon ƙasar da na ce ku yi a farko anan zai yi aiki, a sake aunawa bayan 'yan shekaru kowa ya ga abin da ya canza. Itatuwa ma a sa su ciki, in za a dasa a bakin iyaka a faɗi na wa ne, wa zai ci 'ya'yan, wa zai sassabe reshe.

Kuma kada ku juya gonar duka a tashi ɗaya. Ku yanki kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar, kuma ba mafi munin wurin ba, mutane suna son ba wa gwaji gefen da dama ba ya komai sannan su ce abin bai yi ba. Ku fara da ɗan wake a wannan yanki bayan an zuba taki, shekara mai zuwa hatsi ya biyo, kuna ƙara yanki gwargwadon takin da kuke iya samu, don yawan takin ne zai faɗa muku saurin da za ku yi. A wannan yankin ka lamunce masa cewa in abin da ya samu bai kai matsakaicin abin da ya saba samu a shekaru ukun baya ba, kai za ka cike gibin, a auna komai a gaban juna ranar sussuka. In da niyyar neman shaida nan gaba, ku rubuta ranar da aka yi feshi na ƙarshe da ranar da aka zuba takin zamani na ƙarshe a kowane yanki, kuma ku tuntuɓi mai ba da shaidar tun yanzu, domin a wasu tsare-tsaren kamar na Turai ƙirgen shekarun ba ya farawa sai daga ranar da aka sanar da hukuma aka shiga ƙarƙashin dubawa.

In za ka je wurinsa Malam, kada ka fara da bayanin illar sinadari, ya fi ka sanin warin maganin feshi. Ka tambaye shi kwana nawa noman ciyawa zai ƙaru in ba feshi, ina ake samun taki a kusa kuma a wane wata ya fi samuwa, wane gefen gonar ne ya fi ciyawa mai wuya, sannan ka ajiye masa tayinka na kaso da wa'adi da diyya, ka ba shi lokaci ya yi shawara da iyalinsa tun rani, kafin lokacin kai taki gona ya wuce.